Katangar da Ke Tsakanin Manhajojin Wayarka

A cikin wayar da ke aljihunka, manhajar banki da wasan da yaro ya sauke jiya duk a ƙwaƙwalwar ajiya guda suke aiki, wadda ake kira RAM. To me ya hana wasan leƙa lambar sirrin da ka danna? Amsar nan ta fi burge ni a kan duk wani adon waya, domin aikin sama da shekara 60 ne.

Babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, Android ce ko Windows ko Linux, ba ta nuna wa ƙananan manhajoji ainihin adireshin ajiya. Kowacce adireshin aro ake ba ta, har ta ɗauka ita kaɗai ce a na'urar. Manhaja biyu za su nemi abin da ke lamba 5000, kowacce ta tarar da abu daban, kamar yadda gida mai lamba 12 a Fagge ba shi ne mai lamba 12 a Gwale ba. An yanka ajiyar ƙanana-ƙanana, galibi kilobait 4 kowane yanki, kuma kowace manhaja da jadawalin da ke nuna inda yankunanta suke. Duk sanda aka taɓa ajiya, wani sashe na furosesa sai ya duba jadawalin nan. Manhaja ta miƙa hannu inda ba nata ba, nan take furosesa ta tsayar da ita, babbar manhaja ta rufe ta ita kaɗai. Shi ya sa wasa yake mutuwa alhali kiran da kake yi bai yanke ba.

Kwamfutar Atlas ta Jami'ar Manchester da ke Ingila ce ta fara wannan yanke-yanken a 1962. Furosesar Intel 80386, wadda ta fito a 1985, ta kawo shi kwamfutocin gida, amma masu Macintosh sai 2001 suka sami cikakkiyar kariya da Mac OS X. Kafin nan manhaja guda tana iya sandarar da na'ura baki ɗaya.

Jadawalin kuwa ba ya hannun kowa sai zuciyar babbar manhaja. Furosesa tana da matakan iko aƙalla biyu: zuciyar tana na sama, sauran suna na ƙasa. Manhaja mai son fayil ko kamara sai ta roƙa, a duba ko ta cancanta. Akwai kuma agogo da ke ƙwace furosesa daga hannun kowace manhaja sau da yawa cikin daƙiƙa, don kada wata ta kankane. Android ta ƙara da ba kowace manhaja lambar shaida tata, don haka fayilolin wannan a kulle suke ga waccan.

A Janairun 2018 masu bincike suka bayyana wata kafa a wannan katangar, wato Meltdown da Spectre. Don sauri, furosesa kan yi aiki tun kafin ta tabbatar da izini, kuma ko ta janye, sawun da ta bari yakan tona asiri. Ta hanyar sabunta manhaja aka yi ta toshe kafar, har wasu ayyuka suka rage sauri. Abin da ke damuna shi ne wayoyi na hannu da muke saye a kasuwa, waɗanda kamfanoninsu suka daina aiko musu da gyara tuntuni, kuma a kansu mutane ke buɗe manhajar banki kullum.