Lissafin mol: Abin da lamba 46 ke nufi a jikin buhun taki

Da damina ta kankama a Kwaya da sauran garuruwan Magaria da Dungass, ba abin da ke cin kuɗin manomi kamar takin zamani. Da yawa daga 'yan uwa da ke ci-rani a Kano, Legas ko Aljeriya, kuɗin taki suke turowa gida. Sai dai kaɗan ne ke kula da lambar da ke jikin buhun yuriya: 46.

Amsar tana cikin darasin da ɗaliban lise a Damagaram ke kuka da shi, wato mayar da nauyin sinadari zuwa mol. Mol ma'auni ne na ƙirga ƙwayoyin zarra da ido ba ya gani, kamar yadda tiya ke auna gero ba tare da an ƙirga shi ɗaya-ɗaya ba. Dokar gajera ce: a raba nauyin abu da nauyin mol ɗaya nasa.

Ƙwayar yuriya na ɗauke da kabon ɗaya mai nauyi 12, oksijin ɗaya 16, naitirojin biyu 28, da haidirojin huɗu 4. Jimilla 60, don haka mol ɗaya giram 60 ne. Buhu mai kilo 50 kuwa giram 50,000 ne. Idan aka raba da 60, za a samu mol kusan 833. Kowane mol na da giram 28 na naitirojin, sinadarin da ke sa ganyen gero ya yi kore shar. Ke nan kimanin kilo 23 ne a buhu, kashi 46 cikin 100.

Nan ne maganar ta shafi aljihu. Buhun NPK 15-15-15 mai kilo 50 naitirojin kilo 7.5 kacal ke cikinsa, sai an haɗa uku kafin su kamo yuriya ɗaya. Wannan ba ya nufin a yi watsi da shi, domin yana da fosfaras, wanda ƙasar rairayi ta yankin ke matuƙar ƙarancinsa, yuriya kuma ba ta da shi ko kaɗan.

Matsalar tana wajen masu sayen tiya-tiya a kasuwar ƙauye, inda babu buhu balle lamba. Idan an gauraya takin da wani abu, alƙalami ba zai gano ba, sai ɗakin gwaji. Mai turo kuɗi daga nesa, a ganina, gara ya ce a aiko masa hoton buhun a rufe ta WhatsApp kafin a biya.