Amsoshin Wasiƙunku: Wa ke kunna sabis, wa ke kashe shi?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga Bafarawa, ƙaramar hukumar Isa, daga wani bawan Allah mai fataucin albasa. Ya ce shi abin da ke ɗaure masa kai, ga ƙarfen sabis yana gani tsaye a bayan gari, ba kowa a ciki sai maigadi, amma rana ɗaya sai sabis ya ɗauke. Wani lokacin kuma in ya doshi Sabon Birni sai wayarsa ta kama layin Nijar, kuɗinsa su zube. Yana tambaya: shin wa ke juya wannan abu?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Abu na farko, wayar da ke aljihunka rediyo ce. Bambancinta da akwatin da kake sauraronmu shi ne, ita tana ji kuma tana magana. Kamar yadda tasha ke da mitarta a gajeren zango ko matsakaici, haka kowane kamfanin waya ke da zangonsa, wanda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ke ba shi da lasisi. Tun da aka fara wayar salula ta GSM a Nijeriya a shekarar 2001, zangon da aka fi aiki da shi don kira shi ne megahaz 900 da 1800. Na 900 ya fi cin nisa, shi ya sa ya fi amfani a karkara.

In ka ɗaga kai ka dubi ƙarfen, za ka ga dogayen fararen alluna a sama, galibi suna fuskantar kusurwa uku. Su ne ke magana da wayarka. Za ka kuma ga wani abu mai kama da ganga ko faifai. Shi wannan ba ruwansa da kai, aikinsa miƙa magana ga ƙarfe na gaba, na gaba ya miƙa wa na gabansa, har ta kai birni. Dole su riƙa hangen juna ba shamaki. Shi ya sa in ƙarfe ɗaya ya mutu a kan hanya, duk na bayansa sai su yi shiru, ko da lafiyarsu lau. Ruwan sama mai ƙarfi ma yana raunana wannan haɗi, ko iska ta karkatar da gangar.

To wa ke lura? Kowane babban kamfani yana da ɗakin sa ido, inda injiniyoyi ke zaune gaban kwamfuta dare da rana. Ƙarfen da kansa ke aika musu rahoto: man janareta ya yi ƙasa, batir ya kusa ƙarewa, na'ura ta yi zafi, an buɗe ƙofa. Daga can suke saita shi, su ƙara masa ƙarfi ko su rage, su sauya masa mita, ko su rufe shi ɗungurungum, ba tare da kowa ya taka ƙasar Gobir ba. Amma fa kwamfuta ba ta zuba mai. Sai mota ta kawo, sai makaniki ya zo. Hanya in ba tsaro, ƙarfe sai ya kwana da yunwa.

Ku mutanen Isa da Sabon Birni kun ga wannan da idonku. A farkon watan Satumba na 2021 NCC ta umarci kamfanoni su rufe sabis a Jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, kuma kafin watan ya ƙare aka rufe a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da naku. Ba a sare ƙarfe ko ɗaya ba, umarni kawai aka bayar. Manufar ita ce a toshe bakin masu kai wa ɓarayi rahoto, amma talaka ma ya ɗanɗana: ba kiran ɗan'uwa, ba jin farashin kasuwa, ba tura kuɗi, ba neman ɗauki in an kawo hari. A lokacin ne mutane da dama suka koma ga layin Nijar.

Wannan ya kawo mu tambayarka ta biyu. Iskar rediyo ba ta san iyaka ba. Ƙarfen da ke ƙasar Maraɗi yana iya jiyo wayarka, kuma ita waya in ta rasa layin gida, sai ta bi wanda ta samu. Daga nan ka zama baƙo a layin wata ƙasa, kuɗin baƙo za a caje ka, alhali kana gonarka.

Ga shawara. Ka shiga wurin saitin wayarka, sashen zaɓen layi, ka cire shi daga otomatik, ka zaɓi kamfaninka da hannu. In kira kawai kake so a daji, mayar da ita kan 2G, ta fi 4G jure nisa. In sabis ya yi rauni, hau tudu ko ka fita fili, don ginin ƙasa mai kauri da rufin kwano suna tare shi. Ɗan kasuwa kuwa ya riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban, kuma kada ya saki kaya don an nuna masa saƙo a waya, sai ya ga kuɗi sun shiga asusunsa. In ka kai kuka ga kamfani ba a share maka hawaye ba, kira 622, lambar NCC ce, kyauta.

Daga ƙarshe, jama'a, ƙarfen nan kamar rijiyar gari yake. Mai satar batir ko mansa, mu duka ya cuta. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa albarka a kasuwa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.