3.4 Juya Harsunan Bugu-Ɗaya Zuwa Umarnin Ƙananan Na'urori

Kamar yadda aka nuna a baya, harsunan bugu-ɗaya, wato Esterel da Lustre da Signal, sun samo asali ne daga Faransa cikin shekarun 1980. Gérard Berry ne ya jagoranci aikin Esterel, Paul Caspi da Nicolas Halbwachs kuma suka samar da Lustre a Grenoble. Dukkansu sun ginu a kan zato guda: lokaci yana tafiya bugu-bugu, kuma a kowane bugu na'ura takan karɓi saƙonni ta mayar da amsa kafin wani saƙon ya iso. Majuyi, wato manhajar da ke mayar da rubutun mai tsarawa ya zama umarnin na'ura, shi ne zai sa zaton nan ya tabbata.

A ɗauki misalin rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a Kankiya ko Kusada. Ƙaramar na'urar da ke sarrafa famfon tana lura da abubuwa uku: ko tanki ya cika, ko rana ta yi ƙarfi, ko ruwan rijiya ya ja baya. In ta yi jinkiri a na ukun, famfo zai yi ta juyawa ba ruwa har ya ƙone, unguwa ta koma hannun 'yan garuwa.

Hanya ta farko, wadda Esterel v3 ya bi, ita ce majuyi ya lissafa duk yanayin da na'ura za ta iya shiga, ya rubuta wa kowanne umarninsa. Sauri kam ba a magana. Matsalar ita ce girma. Sassa uku masu yanayi bibbiyu suna haifar da yanayi 8 kawai, amma sassa 20 za su iya kai 1,048,576, abin da ƙwaƙwalwar ƙaramar na'ura ba za ta ɗauka ba.

Saboda haka ne a 1992 Esterel v4 ya koma mayar da shiri ya zama jerin lissafi irin na da'irar lantarki. Girman ya ragu ƙwarai, sai dai a kowane bugu dole a bi jerin gaba ɗaya, har da sassan da ba sa aiki a lokacin. Wajen shekarar 2000 Stephen Edwards da wasu manazarta suka fito da majuyan da ke tsallake irin waɗannan sassa.

Lustre kuwa yawanci madauki guda ake mayar da shi: karanta, lissafa, adana, sake. Wannan hanya ba ta fi sauran sauri ba, amma da ita SCADE, wanda aka gina a kan Lustre, ya samar da umarnin sarrafa tuƙin jirgin Airbus A380. Dalili shi ne umarnin ba ya neman ƙarin ƙwaƙwalwa yana cikin aiki, kuma tun kafin a kunna na'ura ana iya lissafa iyakar tsawon lokacin da bugu ɗaya zai ci.