Alhudahuda, Malamin Tsuntsaye

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma ba kowanne ne kukan nasa ya zame masa suna ba. Alhudahuda yana cikin waɗanda abin ya bi. Idan ya hau reshe ya sunkuyar da kai, wuya ya kumbura, sai ka ji "hud-hud-hud" da murya ƙasa-ƙasa. Larabawa suka saurara suka ce hudhud. Rumawa suka ji upupa, Girkawa suka ce epops, sai masanin nan Linnaeus ya gwama biyun a 1758 ya raɗa masa Upupa epops. Faransawa huppe suke kiransa, har kalmar ta koma nufin tukkun da ke kan kowane tsuntsu.

Mu kuwa ba daga bakin tsuntsun muka ɗauko ba, daga allo ne. "Al" ɗin nan ta gaba ta Larabci ce, ta manne yadda ta manne wa alƙalami da albasa. A Suratun Namli aka san shi: Annabi Sulaimanu ya duba tsuntsaye bai gan shi ba, har ya ambaci hukunci, sai ga shi da labarin ƙasar Saba da sarauniyarta da mutanenta masu sujada ga rana. Shi kuma aka ba wasiƙa ya kai. Malaman tafsiri sun ƙara da cewa yana hango ruwa a ƙarƙashin ƙasa, kuma hadisi ya hana kashe shi, tare da tururuwa da zuma. To wa zai yi mamaki da aka yi masa kirari da malamin tsuntsaye? A Zariya har kwaleji ke amsa sunansa. A Farisa ma, Fariduddin Attar shi ya sa jagora a littafinsa na taron tsuntsaye.

Malantar ta dace da tafiyarsa. Duba shi a gona bayan girbi: jiki ruwan ƙasa mai ja-ja, fukafukai zanen baƙi da fari, yana takawa yana gyaɗa kai kamar mai tilawa. Dogon bakin nan siriri mai ɗan lanƙwasa yake cusawa cikin ƙasa ya zaro tsutsa ko gyare, ya buga shi da ƙasa har ƙafafu su zube, ya cilla sama ya cafe. Tukkun a kwance yake, sai ya sauka ko ya razana yake baza shi.

Abin da ba a cika faɗa a wajen tafsiri ba shi ne gidan malam wari gare shi. A kogon itace ko ramin katanga yake sheƙa, kuma lokacin kwanci macen kan fitar da wani baƙin ruwa mai ɗoyin ruɓaɓɓen nama daga gindin wutsiya, ta shafe gashinta da ƙwayayenta da shi. Ni ban ga laifinta ba: ƙwayoyin halittar da ke cikin ruwan suna kare ƙwan daga cuta, warin kuma ya kori ɓarawo. 'Ya'yan ma ba kanwar lasa ba ne. Yaron da ya zura hannu a kogon, huci za su fara yi masa irin na maciji, in bai janye ba su juya baya su feshe shi da kashi.