Ɗalibin digiri na uku da ofishin haƙƙin mallakar fasaha

Ɗalibin digiri na uku da ya ƙera na'urar busar da citta a Kafanchan, inda Jami'ar Jihar Kaduna ke da reshe, zai iya wayar gari ya tarar wani ya kai ta kasuwa da sunan kansa. Irin wannan ɓarna ake son tarewa da ofisoshin haƙƙin mallakar fasaha da hukumar NOTAP ta fara kafawa a jami'o'in Najeriya tun 2006.

To, shin ya dace ɗalibi ya ajiye ɗakin gwaji na 'yan watanni ya je can koyon aiki?

Aikin na takarda ne: binciken ko an taɓa rajistar ƙirƙira irin taka, rubuta bayaninta, da neman kamfanin da zai saya. Dokar haƙƙin ƙirƙira ta Najeriya ta 1970 ta ba mai ƙirƙira kariyar shekara 20, amma sai abin ya kasance sabo. Nan ne masu bincike da yawa ke tuntuɓe. Wanda ya riga ya buga sakamakonsa a mujalla, ko ya baje shi a taro kafin rajista, ya buɗe wa kowa ƙofa.

Asarar ita ce lokaci. Citta ba ta jiran kowa. Gwajin gona da damina ta wuce shi sai baɗi, malamin da ke duba aikinka kuwa ba lallai ya yi murna ba.

A ganina, ka je, amma da rani, bayan ka kwashe amfanin gwajinka, kuma da amincewar malaminka a rubuce.