Rajistar taro ta manhaja: wa ke ganin sunan mahalarci?

A yau, daga taron ƙungiyar 'yan kasuwa zuwa walimar aure ko bitar ɗalibai, masu shirya taro da dama kan buɗe rajista ta intanet. Mutum ya rubuta sunansa da lambar wayarsa, ya kama gabansa. Amma wannan sunan na iya faɗawa hannu uku: mai shirya taron, kamfanin manhajar, da sauran mahalarta.

Mai shirya taro yana buƙatar sunan don ya san adadin kujeru, ya kuma tantance masu shiga. Sauran mahalarta kuwa ba dole ba ne su gan shi. Jerin sunaye a fili yana bayyana inda mutum zai kasance, da ranar, da mutanen da yake hulɗa da su. Ga matar da ke gudun mai bibiyarta, ko baƙon da ke zaune a wata ƙasa zai je taron siyasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. 'Yan damfara ma na iya kiran lambobin, su ce su ne masu karɓar kuɗin shiga.

Sau da yawa ɓarakar daga saiti take. A Facebook, wanda ya buɗe shafin taro zai iya ɓoye jerin baƙi. A Google Forms akwai zaɓin da ke nuna wa masu cika fom taƙaitattun amsoshin wasu, sai a tabbata a rufe yake. A zauren WhatsApp kuwa, kowa na ganin lambar kowa, don haka aika saƙo ga mutum shi kaɗai ya fi rufin asiri.

Doka ma ta shigo ciki. Ghana na da dokar kare bayanan mutane tun 2012, Chadi 2015, Nijar 2017, Najeriya kuma 2023. A Tarayyar Turai, dokar RGPD ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018. Ginshiƙinsu ɗaya ne: a karɓi abin da ake buƙata kawai, a yi aiki da shi kan dalilin da aka faɗa.

Don haka mai shirya taro ya rufe jerin tun farko, ya goge shi bayan an watse. Mahalarci kuma, kafin ya rubuta sunansa, yana da ikon tambayar wanda zai gan shi.