Masu Ciwon Daji A Kurmi Na Neman Bayani Kan Allurar Rigakafi

Bahaushen da ciwon daji ya kama a Fatakwal, ko Anacha, ko Inugu, wahalarsa biyu ce: ga ciwo, ga rashin mai yi masa bayani da harshensa. A manyan asibitocin koyarwa na Ituku-Ozalla kusa da Inugu, da Nnewi, da Fatakwal, da Turanci ake magana da majinyaci, ko Ibo, ko Buroka. In aka ce ya karɓi allurar rigakafi, sai ya koma unguwa ya tambayi 'yan'uwa a ƙofar masallaci, kamar na Titin Bida a Anacha, ko na Titin Owerri a Inugu. Can kuwa kowa da abin da ya ji.

Shakkar nan tana da tushe. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, goma sha ɗaya daga cikin yaran gwajin suka rasu. Ko da yake Trovan ba rigakafi ba ne, tabonsa ya shafi kowace allura. A 2003 Jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, sai a 2004 aka ci gaba. Labarin ya bi motocin shanu da albasa har Kurmi. Don haka da rigakafin korona ya iso Nijeriya a watan Maris na 2021, majinyaci ya yi ta tambayar ransa ko jikin da magani ya raunana zai iya ɗauka.

To, ga abin da likitoci suka sani. Maganin daji da ake ƙarawa ta jijiya yana rage ƙarfin garkuwar jiki, saboda haka cutar da lafiyayye zai tsallake tana iya kayar da majinyaci. Rigakafi kuma iri biyu ne. Wanda babu ƙwayar cuta mai rai a cikinsa, kamar na korona da na ciwon hanta, ba ya sa cutar, ba ya kuma ƙara daji, sai dai likita ya zaɓi lokacin da ya dace. Amma mai ƙwaya mai rai wadda aka raunana, kamar na ƙyanda da na zazzaɓin shawara, ba a yi wa wanda yake cikin shan wannan magani.

Akwai ma rigakafin da ke tare daji tun bai zo ba. Na ciwon hanta yana kare mutum daga dajin hanta. A watan Oktoba na 2023 kuma aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 na dajin bakin mahaifa kyauta.

Abin da ya rage shi ne sarakunan Hausawa da limamai su nemi asibitoci su sa tafinta, musamman mace saboda mata. Majinyaci kuma ya tambayi likitansa sunan allurar, da ranar da ta kamata. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.